Farfelar Gaba

Ni fa ban ce a sa ni cikin maganar motar nan ba. Duk wanda ya ce maka ni na kai kaina, ka ce mashi ya zo ya maimaita a gabana. Ina zaman zamana a tashar 'yan acaɓa ta Kusada, babur ɗina lafiya lau, in kai mai zuwa Yashe in dawo da mai zuwa kasuwa, ba ruwana da kowa, sai ga Yayana ya sauka daga Abuja da hutu da wata waya mai faɗin faranti. Ko ruwa bai gama sha ba ya aika a kira ni.

Abin da ya nuna mani a wayar, wasu Turawa ne masu gemu sun hau tsohuwar mota sun shiga daji, sun kafa tanti a bisa kanta, suna dafa shayi suna ta washe baki kamar an yi masu haihuwa. Na ce Allah sarki, halan gidansu ne ya ƙone? Ya ce a'a, hutawa ce. Na ce Yaya, a garin nan wanda duk ka ji ya kwana a daji, ko saniya ta ɓace mashi ko shi ne dalilin ɓatanta. Bai yi dariya ba. Yaya ba ya dariyar maganata sai wani abokinsa ya maimaita ta.

Motar da yake nufi a yi wannan aiki da ita tsohuwar a-kori-kurar Baba ce, fowil, wato irin wadda ke ja da ƙafa huɗu. Baba ya saye ta a gwanjo tun ba a haife ni ba, ta yi abin da za ta yi, ta zo ƙarƙashin iccen bedin ƙofar gida ta tsaya. Tun ina rarrafe a nan nake ganinta. Tayoyi sun nutse a ƙasa, Inna na ajiye harawa a bodi, kaji na ƙwai a kujerar gaba. Ni duk zatona ma tare aka gina su da gidan.

Na ce ba ni yi. Ya ce ni ne ƙaninsa. Na ce ai ba ni na zaɓa ba. Da ya ga ba ta nan zai kama ni ba, sai ya sassauta murya ya ce, "Ran da ta tashi kai ne direba. Ni ina Abuja, wa zai riƙe ta in ba kai ba?"

Nan fa ya taɓa ni inda ke mani ƙaiƙayi. Ɗan acaɓa ko furfura ya yi, "kai yaro" ake ce mashi. Direba kuwa ko jiya aka yaye shi, in ya sauko yana kaɗa makulli sai ka ji ana "sannu da hanya, direba". Kuma na iya tuƙi, wani abokina mai bas ɗin Kankiya ya koya mani a filin ƙwallo, motar da za a sakar mani ce ban da ita. Na ce to ka faɗa a gaban Baba. Muka je zaure, ya faɗa. Baba na jan carbi, bai ko ɗaga kai ba ya ce, "Na ji." Kafin la'asar duk tasha ta san na kusa zama direba, don ni na faɗa masu da bakina. Wannan kam laifina ne, na yarda.

Aka kore kaji, Inna na ta faɗa, aka jawo motar da igiya har garejin wani tsohon bakanike a Kankiya. Yaya ya kwana uku ya koma Abuja. Daga ran nan aikinsa ya zama kira. Da safe in hau babur in tafi Kankiya, in jingine shi, in riƙe waya sama Yaya na kallon gareji ta ciki yana ba da umarni kamar mai kiran salla. Juya nan. Matsa can. Wane ne wancan ke zaune a bisa bonet ɗina?

Wata huɗu na yi ina wannan. Ni na fidda gidan ɓera daga cikin kujera, ni kunama ta harba a ƙarƙashin batir, ni ke wanke ƙarafa da fetur har tafin hannuna ya yi fari ya tsattsage. Tuwo ma in na kai baki warin gareji yake. In na biyo ta tasha da yamma, baƙi ƙirin da ni, sai ka ji wani ya ce, "Direba, ina motar?" Wani ya amsa mashi, "Tana shan ruwa a Kankiya." In ce ku dai ku ci gaba, akwai ranar da za ku roƙe ni in ɗan matsa da ku gaba.

Shi bakaniken, Oga muke ce mashi, ya iya aiki, ba zan ci amanarsa ba. Injin da ya shekara goma sha bai ce uffan ba, mutumin nan ya sa ya yi tari ya tashi. Amma yana da aƙida guda, kuma duk bakaniken da na sani a yankin nan a kanta yake: Bature ya cika wa mota tarkace saboda sanyin ƙasarsu. Abin da duk ya duba ya ga bai gamsu da amfaninsa ba, sai ya kwance ya jefa gefe ya ce, "Wanga na can ne, ba na nan ba." Mota in ta shiga garejinsa takan fito ta fi sauƙin nauyi.

Ran nan na iso na tarar ya fito daga ƙarƙashin motar yana jan wani dogon ƙarfe mai kauri kamar taɓarya. Na ce Oga, wannan fa? Ya ce farfelar gaba ce. Ita ke kai ƙarfin inji ga tayoyin gaba, ta baya kuma na kai wa na baya. Ya ce shan mai kawai take sa mota, duk mai hankali cire ta yake. Ana cikin haka wayar ta yi ƙara, na ɗaga sama yadda aka saba.

"Alaji, na cire maka farfelar gaba," in ji Oga. "Yanzu mai sai dai ta sansana."

"Madalla, Oga. Allah ya saka."

Na juyo da wayar wajen fuskata na ce, "Yaya, tsaya. In an cire wannan, mi zai juya tayar gaba?"

"Akwai ƙaramar giya a ciki, ita ke wannan aikin. Ka ga ɗan sandan nan na gefen babbar giya? In an ja shi shi ke nan."

"To in an ja shi, ta ina ƙarfin zai bi? Babur ma in ka cire mashi cen, sarƙar nan mai juya taya, ko giya goma ka sa yana nan inda yake."

"Mota ba babur ba ce. Kai da ka gudo daga aji uku za ka koya mani fowil? Na kalli bidiyo ya fi ɗari. Mayar da wayar wajen Oga."

Yaran gareji suka kwashe da dariya. Oga ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, shekara talatin ina cirewa, ba wanda ya taɓa dawowa nema." A raina na ce ai dole, wanda duk ka cire wa, titi yake bi ya kai buhun masara kasuwa, ba wanda ya ce zai je daji shan shayi. Amma wa zai ji ta bakin ɗan aji uku? Aji ukun ma ba gudowa na yi ba, malamin lissafi ne muka kasa fahimtar juna.

Daga nan aka koma wajen mai walda, shagonsa na jikin garejin. Shi zai ƙera gadon da za a ɗora bisa motar, inda tanti zai zauna, da tsani, da wurin ɗaure tankin ruwa. Ya haɗa ƙafafu uku, ana zuwa ta huɗu ƙarfe ya ƙare. Yaya na kallo ta waya sai ya hango farfelar nan yashe a gefe, ya ce, "Ga ƙarfe nan mai kyau yana lalacewa a banza. Kai, ɗauko mashi." Ni na ɗauko ta a kafaɗa. Ni na riƙe ta mai walda ya yanke kawunanta, tartsatsi na zubo mani a ƙafa, ya liƙa ta a kusurwar bodi ta dama. Aka shafe ta da fenti ruwan ƙasa kamar sauran. Gadon ya tsaya cak, sai ka ce rumfar mai shayi ta hau mota. Da aka zo maganar abin shimfiɗa, Yaya ya ce katifata ce daidai faɗin wurin. Sati uku a tabarma na kwana. Duk na haɗiye, don ina hango kaina a bayan sitiyari.

Ranar fita ta zo cikin bazara. Yaya ya iso da abokansa biyu na ofis, ɗaya dogo mai gilashi, ɗaya gajere mai tumbi, dukansu da gajeren wando da huluna masu baki kamar faifai. Inna ta leƙo ta gan su ta koma ciki tana salati. Baba ya ce maganar kwana a daji a zamanin nan a bar ta, bai yarda ba. Abin da ya amince, a je tsohuwar gonar kakanmu da ke bayan Yashe, ƙetaren rafi, a yini a dawo kafin magariba. Yaya ya yi ta gunaguni amma ya bi.

Ni tun da asuba na yi wanka, na sa yadina na salla, na goge motar har madubi. Na miƙa hannu karɓar makulli, sai Yaya ya ce, "Bari in fidda ta gari tukuna, akwai yara a hanya. In mun shiga daji ka karɓa." Dogon ya shige gaba, mai tumbi ya bi shi, gidan gaba ya cika. Ni aka ce in hau baya in riƙe kular abinci da tukunyar gas kada su kife.

Kuma ta gaban tasha ya bi. Hanya uku ce ke fita garin, ta gaban tasha ya bi, yana hon. 'Yan acaɓa duk suka miƙe tsaye a kan baburansu. Wani ya ce, "Direba, yau ta baya ake tuƙi?" Wani ya ce, "Riƙe kular da kyau, kada ta yi ribas." Na ɗaga masu hannu kamar ɗan takara, amma abin da ke cikina Allah kaɗai ya sani.

Muka bar kwalta, muka shiga burji, muka bar burji muka shiga hanyar shanu. Na buga rufin gidan gaba na ce Yaya, ga daji. Ya leƙo ya ce wannan ai gonaki ne, ba daji ba. Muka wuce gonaki. Na sake bugawa. Ya ce in mun haye rafi.

Rafin a bazara ba ruwa, yashi ne fari shimfiɗe, mai laushi, ƙafa ma nutsewa take. Can tsakiya mata sun tona ramuka suna kwarfar ruwa da ƙwarya. Yaya ya tsaya a gaɓa, ya sa dogon ya sauka ya riƙe waya yana ɗauka. Ya fiddo kai ta taga ya yi jawabi da Turanci, na tsinci "fowil" sau huɗu a ciki. Sannan ya kama ɗan sandan nan na ƙaramar giya ya ja da ƙarfi, har na ji ƙarar ta baya. Na rungume kula na ce bismillah.

Ta shiga kamar abin kirki. Tsawon igiyar guga biyu ta yi, sai ta fara nishi. Tayoyin baya suka shiga tono suna watso mani yashi a yadin salla, na gaba kuwa suna tsaye abinsu kamar baƙi a gidan biki. Yaya ya taka totur. Ta ƙara zama. Ya sa ribas, ya dawo giya ta ɗaya, ya sake ribas, inji na kuka, har wani wari ya taso kamar an ƙona tsumma. Kafin ya haƙura ƙasan motar ya kwanta a yashi, gadon bisa ya karkace, matan nan sun ajiye ƙorai sun zuba mamu ido.

Ya sauko ya buga ƙofa. Da wa zai fara? Da ni.

"Kai ne ka zauna gefe guda ka danne ta."

"Ni da ko buhun gero ban kai ba?"

"Na ce ka rage iskar taya, ka rage?"

"Yaushe ka ce?"

"Ya kamata ka sani."

Mai tumbin nan ashe ya ɗan san mota, babansa direban tirela ne. Ya cire hula ya kwanta ta gefen tayar gaba, ya tona yashi da hannu ya leƙa. Ya jima yana leƙe. Ya ɗago ya ce, "Abokina, ina farfelar gaba?"

Yaya ya dube ni. Ni kuma na ɗaga yatsa na nuna ƙafar gadon ta dama, ga ta nan tsaye da sabon fentinta tana riƙe da katifata. Mai tumbi ya duba, ya matsa ya ƙwanƙwasa ta da makulli, ya zauna daɓas a yashi yana dariya har da tari. Dogon bai daina ɗauka ba sai da Yaya ya daka mashi tsawa.

Ka san abin da Yaya ya ce mani? Wallahi ko yau na tuna sai raina ya ɓaci. Cewa ya yi, "Kana wurin aka cire, mi ya sa ba ka faɗa mani ba?"

Na ce Yaya, ka ji tsoron Allah. Na faɗa, ka ce mota ba babur ba ce. Ka ce na gudo daga aji uku. A gaban yaran gareji ka faɗa, har yau in na wuce "aji uku" suke ce mani. Ya ce ai ban faɗa da ƙarfi ba. Ya ce da na yi bayani yadda mai ilimi zai gane, da ya gane. Wato laifina ne da ban iya gaskiya da Turanci ba.

Ya kira Oga ya sa a lasifika, yana ta faɗa. Oga ya bari ya gama sarai sannan ya ce, "Alaji, ai yashi ba a shiga shi da mota. Da ka tambaye ni da na ce ka zagaya ta gada." Ya ƙara da cewa warin nan da aka ji kuloci ne ya ƙone, kada a sake tada ta, a jawo mashi ita.

Muka yi tono da hannu, muka sa kara, muka tura. Ni da yadin salla. 'Yan ofis suka tura sau biyu suka koma inuwar motar suka buɗe kula. Rana ta take. Daga ƙarshe wata tsohuwa cikin masu ɗibar ruwa ta gane ni, ta ce ba jikan wane ba ne? Ta aika a gaya wa Kawu, ƙanin Inna, da ke zaune a wata unguwa kusa da nan. Ba a jima ba sai ga shi da shanun huɗa huɗu, nasa biyu na maƙwabcinsa biyu, da karkiya da igiya. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya dubi tantin, ya dubi gajeren wandon Yaya, ya ce, "Sannunku da aiki." Bai ƙara ba. Da ya zage mu ma da ya fi sauƙi.

Aka ɗaura igiya a bambar gaban motar. Kawu ya ɗaga sanda ya yi wa shanu magana, suka sunkuyar da kai, motar da aka ce ba inda ba ta shiga ta fito daga rami sumul kamar an zare ƙaya. Amma fitowa daban, tafiya daban. Kuloci ya tafi, ko an tada inji ba ta motsi. Kawu ya ce ba komai, zai ja ta har bakin titi inda za a sami motar da za ta kai ta Kankiya. Sai dai hanyar ta tsakiyar Yashe ta bi, kuma lokacin an kusa fitowa daga azahar. Tun a gaɓa ma jama'a sun fara taruwa, kowa da waya a hannu. Kuma dole wani ya zauna ciki ya riƙe sitiyari, in ba haka ba ta faɗa gona.

Yaya ya dubi hanyar, ya dubi mutane, ya gyara hularsa. Sai ya zo wajena da fara'a, irin wadda ban gani ba tun ranar zaure. Ya miƙo makulli.

"Ƙanena, zo ka karɓa. Ai alkawari na yi maka."

Na dubi makullin. Wata huɗu ina mafarkinsa. Na ce yanzu?

"Yanzu mana. Mu za mu bi ta bayan gari a ƙafa mu tare ku a titi."

"A'a, Yaya, akwai yara a hanya. Fidda ta gari tukuna."

Fara'ar ta ɗan ragu. Ya ce kada in kawo mashi iskanci a gaban baƙi. Dogon ya sa baki ya ce haba ɗan'uwa, ai alkawari kaya ne, ga shi yana saukewa. Na ce da muka wuce tasha kayan bai yi mashi nauyi ba? Yaya ya ce a gaban Baba ya faɗa, kuma ga shi ya cika, in na ƙi ni na ƙi, kada in je gida in ce an hana ni. Ya ce sitiyari dai sitiyari ne, ko inji ke ja ko mi. Ya kamo hannuna zai cusa mani makullin, Kawu na tsaye gaban shanu yana jira, jama'a sun kasa kunne.

Na zare hannuna na sa a aljihu na ce, "Yaya, mota ka ce zan tuƙa. Wannan amalanke ce, direbanta kuwa ga shi can gaba da sanda. Kai dai shiga ka zauna, mai kaya shi ke bin kayansa."